Ihun Sa'a Biyu a Afisa



A sura ta 19 ta Ayyukan Manzanni, Luka mai tsarki ya ba mu labarin tarzomar da ta tashi a birnin Afisa sa'ad da Manzo Bulus yake can. Wani maƙerin azurfa mai suna Dimitiriyas, wanda abincinsa yake fitowa daga ƙera ƙananan siffofin haikalin gunkiya Artimas, ya ga ciniki yana ja da baya saboda wa'azin Bulus. Sai ya tara abokan sana'arsa. Ya fara da maganar aljihu, ya ƙare da maganar darajar gunkiyar gari, gama ya san mutane ba za su fito titi domin ribar wani maƙeri ba, amma za su fito domin abin da suke yi wa sujada. Nan da nan gari ya ruɗe, jama'a suka ɗunguma zuwa dandalin wasanni, wanda kufansa yana nan har wa yau a ƙasar Turkiyya, yana kuwa iya ɗaukar mutum fiye da 20,000. Luka ya lura cewa yawancin waɗanda suka taru ba su ma san dalilin taruwar ba.

Abin da muke so mu tsaya a kansa shi ne abin da ya biyo baya. Wani mutum mai suna Iskandari ya ɗaga hannu yana neman a saurare shi. Da taron ya gane Bayahude ne, sai suka ɗauki kirarin gunkiyarsu da murya ɗaya, suka yi ta maimaita shi har wajen sa'a biyu. Ba su ji abin da zai faɗa ba balle su auna shi. Sun san ko shi wane ne, wannan ya ishe su. Har yau ba wanda ya san abin da Iskandari ya so ya ce.

Mu a ƙasar nan mun san irin wannan ihu. Manya a cikinmu suna tuna da "tazarce" ta shekarar 1998, lokacin da aka kwaso matasa zuwa Abuja su roƙi Janar Sani Abacha ya zarce da mulki. Yara ma suna tuna da "Sai Baba" ta zaɓen 2015. Kirari a bakin mai neman ƙuri'a ba laifi ba ne, kowace jam'iyya da nata. Yakan zama laifi sa'ad da aka mai da shi amsar tambaya. Mutum ya ce an kashe masa ɗan'uwa a gona, a ce masa ɗan adawa ne. Ya ce kwanon masara ya fi ƙarfinsa, a ce hassada ce take cinsa. Wani kakakin fadar shugaban ƙasa a zamanin marigayi Muhammadu Buhari har ya laƙaba wa masu suka wani suna na Turanci, ma'anarsa waɗanda ba su da aiki sai kuka, sunan kuwa ya bi gari. Da zarar an manna wa mutum shi, ba sauran bukatar a duba ko akwai gawa a bayan kukan nasa.

Akwai kuwa. A ranar 24 ga Afrilu 2018, a Mbalom ta Jihar Binuwai, aka kashe Fada Joseph Gor da Fada Felix Tyolaha tare da masu ibada 17 a lokacin Misa ta safe. Bishop-bishop namu, suna Roma a lokacin, suka fitar da sanarwa cewa idan shugaban ƙasa ya kasa tsare rayukan jama'a, ya kamata ya sauka. Mai hankali yana iya cewa sun yi tsauri, ya kawo hujjarsa. Amma amsar da ta fi yawa a bakin magoya baya ita ce Ikilisiya ta shiga jam'iyyar hamayya.

Kada fa mu yi saurin wanke hannunmu. A cikin wannan shekara ta 2018 ɗin ce aka baza jita-jita cewa shugaban ƙasa ya rasu tun tuni, wai wani mai kama da shi daga Sudan, mai suna Jubril, shi ne yake zaune a kujerar. Maganar ta yi ƙarfi har sai da shugaban da kansa ya ƙaryata ta a ƙasar Poland a watan Disamba. Kiristoci nawa ne suka yaɗa wannan ƙarya, suna dariya, waɗansu ma a ƙofar majami'a bayan sun karɓi Jibi Mai Tsarki? Wanda ya kira shugaba da sunan ba'a ya huta da wahalar faɗin takamaiman abin da shugaban ya yi ba daidai ba. Ya kuma ba magoya baya hujjar toshe kunne, har mai kuka na gaskiya ya zo ya tarar ƙofa a rufe. Doka ta takwas, wadda ta hana shaidar zur, ba ta ware shugaban da ba mu so ba.

Labarin Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ya isa ya koya mana tawali'u. A saƙonsa na Kirsimati na 2020 ya zargi gwamnatin Buhari da fifita 'yan yankinta wajen rabon muƙamai. Aka ce juyin mulki yake kira. A watan Janairu 2021 wata ƙungiya a Sakkwato ta ce ya nemi gafara ko ya bar jihar, abin da ya tuna mana da Amaziya, firist na Betel, wanda ya kori annabi Amos ya koma Yahuza ya nemi abincinsa a can. Domin adalci, sai mu faɗa cewa fadar shugaban ƙasa ta ƙi goyon bayan wannan kora. A lokacin, mu Kiristoci muka yi ta kiransa jarumi. Sai ga shi a watan Oktoba 2025, a Roma, bishop ɗin nan ya ce a ganinsa mayar da Nijeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka take tuhuma da tauye 'yancin addini zai ɓata ƙoƙarin sasantawa tsakanin Kirista da Musulmi. Nan take waɗansu daga cikinmu suka ce an saye shi. Wanda bai yarda da ra'ayinsa ba yana da iko ya ƙi, akwai kuma masu zurfin tunani da suka ƙi da hujja. Amma "an saye shi" ba hujja ba ce. Ita ce kalmar da aka jefe shi da ita a dā, bakin da ya furta ta ne kawai ya sauya.

Ikilisiya ba ta da jam'iyya. Majalisar Vatican ta Biyu, a sashe na 76 na takardarta a kan Ikilisiya cikin duniyar yau, ta bayyana cewa Ikilisiya ba a ɗaure take da wani tsarin siyasa ba, amma tana da hakkin yanke hukunci na ɗabi'a a kan al'amuran mulki duk sa'ad da hakkin ɗan adam ko ceton rayuka ya bukaci haka. Katekisim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya koyar a sashe na 2238 cewa biyayya ga hukuma ta haɗa da hakkin yin suka ta adalci, wani lokaci ma sukar takan zama wajibi. Shi ne kuma a sashe na 2477 ya yi kashedi a kan yanke wa mutum hukunci da gaggawa da ɓata masa suna. Waɗannan biyu tare suke tafiya. Sarki Ahab yana da annabawa wajen 400 'yan amshin shata, ya kuma ƙi jinin Mikaiya ɗan Imla domin bai taɓa faɗa masa abin da yake so ba. Ya jefa Mikaiya a kurkuku, ya tafi yaƙi a Ramot-gileyad, bai dawo da rai ba. Waɗancan 400 ba su ƙaunace shi ba.

Tun da mulki ya sauya hannu a 2023, mun ga masu cewa a yi haƙuri a dā sun koma masu kuka, waɗansu masu kuka kuma sun koma masu cewa a yi haƙuri, alhali kuwa yunwa da satar mutane ba su tambayi kowa katin jam'iyya ba.

A Afisa, magatakardan gari ne ya kwantar da tarzomar. Bai yi ihun da ya fi nasu ba. Ya ce idan Dimitiriyas yana da ƙara a kan wani, ga kotu a buɗe, ga mahukunta, ya je ya faɗi laifin dalla-dalla. Wannan muke roƙo a taron Zumuntar Mata, da na matasa, da na kwamitin majami'a: wanda zai soki shugaba ya faɗi abin da aka yi, da inda aka yi shi, da wanda ya cutu. Wanda zai kāre shugaba ya amsa wannan maganar, kada ya tambayi ƙabilar mai magana. Katekis-katekis kuma su lura, a cikin addu'ar masu bi ta ranar Lahadi a riƙa ambaton shugaban ƙasa da gwamna kamar yadda Bulus ya umarci Timoti, ko majami'ar ta zaɓe su ko ba ta zaɓe su ba, hular jam'iyya kuwa a bar ta a gida.