"An Ce" Ba Hujja Ba Ce

Jama'a, ba ma sayen buhun wake sai mun ɗiba mun duba ko da ƙwari. To me ya sa muke haɗiye labarin WhatsApp haka nan? A 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zaga wai a sha ruwan gishiri, har aka rasa rai. Masu turawa alheri suka nufa, amma kyakkyawar niyya ba ta ɗauke mana nauyin bincike. Mu da ke zaman baƙunta, jita-jita ɗaya kan iya tada fitina. Malaman hadisi sai sun tantance mai ruwaya kafin su karɓa. Mu koya wa yaranmu tambaya uku: Wa ya faɗa? Ya gani da idonsa? Yaushe? In babu amsa, kar a tura. Allah Ya tsare mu.