Ƙwallo da Bishara: Tambaya Kafin A Ƙetare Iyaka



Akwai wata al'ada a wasu ikilisiyoyin Amurka da Turai, ta aika matasa zuwa wata ƙasa na mako ɗaya ko biyu, su koya wa yara wasan ƙwallo, su kuma yi musu wa'azi. Labarin ya iso kunnen matasanmu na CYON, har wasunsu suna tambaya ko mu ma za mu iya yin haka lokacin dogon hutu: mu bi hanyar Illela, mu ƙetare zuwa Birnin Konni ko Maraɗi, inda harshenmu ɗaya da masu masauki. Buri ne mai kyau. Amma kafin a yi zancen mota da guzuri da lafiyar hanya, ya kamata mu dubi yadda yini ɗaya yake gudana a irin wannan tafiya, domin a cikinsa ne tambayar take ɓoye.

Ana tashi da asuba. Mu Katolika za mu fara da Misa, sa'an nan kunu da ƙosai, a share masauki, a ɗebo ruwa. Da hantsi a fita fili a tara yaran unguwa, a koya musu tare ƙwallo da miƙa ta. Idan rana ta take a huta. Da yamma a buga wasa, da dare a yi Rosari, kowa ya binciki zuciyarsa, a kwanta. Duk wannan ba shi da aibu. Sai dai a tsarin da baƙin suka saba bi akwai wasu mintoci kaɗan a tsakiyar wasa, lokacin da yara suka gaji, ƙishirwa ta kama su. A nan ake zaunar da su a inuwa, a ba su ruwa, wani ya miƙe ya yi wa'azi, a ƙarshe a raba riguna. Masu shirin ba su ɓoye wa junansu cewa saboda waɗannan mintoci aka yi tafiyar. Iyayen yaran kuwa sau da yawa ƙwallo kawai aka gaya musu.

To, wannan daidai ne? Mu dai a ganinmu ba daidai ba ne, kuma ba ra'ayinmu kaɗai ba ne. Majalisar Batikan ta Biyu, a takardarta kan aikin mishan mai suna Ad Gentes, wadda ta fito a watan Disamba 1965, ta hana a tilasta wa kowa karɓar bangaskiya, ta kuma hana a jawo shi da dabarun da ba su dace ba. Mutane sukan tuna da hanin tilas, su manta da hanin lallashi. Yaro ɗan shekara 10 da bai taɓa mallakar rigar ƙwallo ba, zai ce amin ga duk abin da mai riƙe da rigar ya faɗa. Wannan amin ɗin ta talauci ce. Mai kamun kifi a gulbin Rima ya san amfanin tsutsa a bakin ƙugiya, amma kifin ba abokinsa ba ne, ba kuma ya neman yardarsa.

Gwajin da Ubangijinmu ya ba mu a Matiyu sura 7 ya isa, wato mu yi wa wasu abin da muke so a yi mana. A ce wasu baƙi sun zo unguwarmu a nan Sakkwato, sun kwashi 'ya'yanmu da sunan horon wasa, daga baya muka ji cewa kullum ana koya musu wani addini a bayan idonmu. Wane uba ne a cikinmu zai kira wannan alheri?

Mun san amsar da masu himma za su bayar, kuma tana da nauyi. Za su ce an umurce mu mu kai Bishara ga dukan al'ummai, fitila kuma ba a kunna ta don a rufe da kwando. Za su kawo misalin Waliyyi Yohanna Bosko, wanda ya tara yaran titi a Valdocco ta birnin Turin tun 1846, da wasa da dabaru iri-iri, ya kai su ga addu'a. Gaskiya ne. Amma yaran Bosko 'ya'yan Katolika ne da aka riga aka yi musu baftisma, sun baro ƙauyuka neman aiki, ba mai kula da su. Kowa ya san shi firist ne, kowa ya san abin da ake yi a gidansa. Kuma bai zo na kwana goma ya tafi ba. Ya zauna da su har mutuwarsa a 1888. Wanda yake so ya jingina da Bosko, sai ya ɗauki wannan ɓangaren ma.

Batun zama ɗin nan yana da muhimmanci. Baƙo yakan koma gida, mai masauki ne yake zama da abin da aka bari. Kiristocin Nijar 'yan ƙalilan ne, kuma ba su manta da Janairu 2015 ba, lokacin da aka ƙone majami'u a Zinder da Yamai. Mu ma mun ga abin da ya sami babbar majami'armu ta Iyali Mai Tsarki a watan Mayu 2022. Babu abin da ya halatta waɗannan ɓarna, kuma ba muna cewa a yi shiru don tsoro ba. Muna cewa amanar da ƙaramar ikilisiya ta yi shekaru tana ginawa da maƙwabtanta ba tamu ba ce da za mu kashe ta cikin mako guda, mu dawo da hotuna.

Me ya rage na mishan idan aka cire waɗancan mintoci? Yinin ne gaba ɗaya. Wasa abu ne mai kyau a kan kansa, ba ya bukatar a ɗaura masa wa'azi kafin ya sami daraja. Manzo Bulus da kansa ya ɗauki misalin masu tsere a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa. Abokan ƙuruciyar Paparoma Yohanna Bulus na Biyu sun ba da labari cewa mai tsaron gida ne a garinsu Wadowice, yakan kuma tsare wa ƙungiyar yaran Yahudawa raga idan ba su cika ba. Yaran unguwa suna da ido. Za su ga ko ɗan wasanmu ya amsa cewa ƙwallo ta taɓa hannunsa ko da alƙali bai gani ba. Za su ga ko an ba gurgu da ƙaramin yaro dama, ko an tsayar da wasa da jin kiran sallar la'asar ba tare da gunaguni ba, ko manyanmu ne suke kwashe shara bayan an tashi. Za su ji ƙararrawar Misa da asuba su san inda muka je. Idan wani babba ya tambaye mu dalilin begenmu, mu amsa masa a fili da tawali'u, kamar yadda Manzo Bitrus ya koyar. Ƙofar coci a buɗe take ga mai zuwa da ƙafarsa.

Saboda haka duk ikilisiyar da take tunanin wannan tafiya, ta fara da neman izinin Bishop, sa'an nan ta rubuta wa Fadan da zai karɓe ta a Dayosis na Maraɗi, ta bar shi ya faɗi abin da mutanensa suke bukata. A gai da mai unguwa, a gaya wa iyaye ko mu su wane ne da abin da za a yi sa'a bayan sa'a. Riguna da ƙwallaye a miƙa su ga makaranta ko ƙungiyar unguwa ranar tafiya gida, ga kowane yaro, wanda ya saurare mu da wanda bai saurara ba.