Mai Shirya Fim da Mai Kallo: Wa Ke Jan Wani?

A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar gina wani babban wurin shirya fina-finai a garin Kofa, cikin ƙasar Bebeji, a kan kuɗi naira biliyan 3. Da labari ya bazu, sai malamai da yawa suka hau mumbari suka yi suka, jama'a kuma suka mara musu baya, suna cewa abin zai ɓata tarbiyyar 'ya'yansu. Ba a daɗe ba gwamnati ta janye maganar. Amma fa ga abin mamaki: ƙasar nan da ta ƙi wurin, ita ce babbar kasuwar fim ɗin Hausa. To, in jama'a ba su son abu, wa ke sayensa? In kuwa suna so, don me suke zaginsa?

Kafin a amsa, ya kamata a waiwayi baya kaɗan. A zamanin Turawa majigi ake kawowa ƙauyuka a mota, a kafa farin kyalle a ƙofar fada, a nuna wa talakawa dabarun noma da tsabta, kamar yadda aka yi da wasan Baban Larai. Ba a karɓar ko anini, sabo da haka ba a tambayar kowa abin da yake so. A birane kuwa akwai gidajen silima, inda 'yan kasuwa suka gane cewa fina-finan Indiya sun fi cika musu gida, suka yi ta kawo su. Da aka fara fim ɗin Hausa na kaset a Kano da Turmin Danya a 1990, sai sana'ar ta zama ta mai zuba jarinsa da kansa. Bayan Sangaya ya yi kasuwa ƙwarai a 1999 sabo da waƙarsa, sai kusan kowa ya koma soyayya da rawa da waƙa, har dillalan kaset suka riƙa gudun fim ɗin da ba su a ciki. A 2001 Gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace fina-finai. Yanzu kaset ya mutu, an koma talabijin da YouTube, inda yawan masu kallo ke jawo kuɗin talla. Kasuwa ta sake kama, amma tambayar tana nan.

Mai shirya fim yana da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Ya kan ce shi ɗan kasuwa ne, kamar manomin Tudun Wada ko na Doguwa da ke shuka masara don ya san za a saya. Ya ci bashi, ya biya 'yan wasa da masu ɗaukar hoto, yana da iyali. In ya yi fim mai cike da wa'azi, ba wanda ya kalla, to, bai gyara kowa ba, ga shi kuma ya karye. Wannan gaskiya ce. Neman riba ta halal ba aibu ba ne, nishaɗi ma ba zunubi ba ne, gama ko tatsuniya sai da daɗi yara ke zama su ji darasinta.

Amma hujjar ta gaza a wuri guda. Masara ciki take shiga, ta wuce. Labari kuwa zuciya yake shiga, ya zauna. Yarinyar da ta yi shekara biyar tana ganin cewa mijin kirki shi ne mai mota da bene, da wuya ta dubi saurayi mai garma da idon rahama. Har wa yau, ba daidai ba ne a ce mutane sun zaɓi abu alhali shi kaɗai aka ajiye a gabansu. Sha'awa aba ce da ake renonta. Wanda ya saba wa yaro da alewa, sa'an nan ya ce yaron ba ya son tuwo, ya manta da hannunsa a cikin lamarin. Saboda haka mai fim ba bawan masu kallo ba ne kurum, malaminsu ne kuma, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Shi ma mai kallo ba zai wanke kansa ba. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kowace naira da mutum ya kashe, da kowane dare da ya raba yana kallo a waya, saƙo ne yake aika wa masu sana'ar cewa a ƙaro irin wannan. Wanda ya kalla da dare, gari ya waye ya la'anta a majalisa, ya yi magana biyu, kuma ta daren ita kasuwa ke ji. Hana gini a Kofa bai rage kallo a ɗaki ko ɗaya ba.

Ashe dai nauyin a kan mutum biyu yake. Haƙƙin mai fim shi ne ya nemi ribarsa ba tare da ya sayar da mutuncin waɗanda ke biyansa ba, ya kuma yi ƙarfin halin gwada sabon abu, gama labarin manomi da makiyayi a gefen dajin Falgore bai gaza labarin attajirin birni daɗi ba, in an iya tsara shi. Haƙƙin mai kallo kuwa shi ne ya sa kuɗinsa inda bakinsa ya yaba, ya duba abin da 'ya'yansa ke kallo kamar yadda yake duba abin da suke ci. Ran da mai saye ya ƙi ruɓaɓɓen kaya, ran nan mai talla zai daina ɗauko shi.