Wanda Bai Yi Kome Ba, Yana da Laifi?

Yawancinmu mun saba auna laifi da abin da hannu ya aikata. Wanda ya yi sata mun san sunan laifinsa, haka ma wanda ya yi ƙarya ko ya mari maƙwabcinsa. Amma mutumin da ya naɗe hannu ya zauna, har wani abu ya lalace a hannunsa ya cuci waɗansu, me za mu ce da shi? Shi dai zai ce, "Ni ban yi kome ba." Gaskiya kuwa ya faɗa. Tambayarmu ta yau ita ce ko wannan magana ta isa ta wanke shi. Bari mu nemi amsa a cikin wata tsohuwar mota.

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata irin mota wadda gida ce kuma mota ce. A cikinta akwai gado, da murhun gas, da firiji, da tankin ruwa, da makewayi. Iyali sukan shiga su yi tafiyar mako biyu ko wata guda, inda dare ya yi musu nan za su tsaya su kwana. Dattawan Agadas da Arlit za su tuna da ƙananan irinta, gama a shekarun 1970 da 1980 Turawa masu yawon buɗe ido sukan ƙetaro Sahara da su daga Tamanrasset. Sabuwarta tana da tsada ƙwarai, saboda haka mai ƙaramin ƙarfi tsohuwa yake saya.

Cikin tsofaffin akwai wadda ta yi suna. Kamfanin General Motors ya ƙera ta a garin Pontiac na jihar Michigan da sunan GMC, daga ƙirar 1973 zuwa ƙirar 1978, guda 12,921 duka duka. Tsawonta wajen mita 7 ko mita 8 ne. Ƙafafun gaba ne suke jan ta, na baya huɗu kuma suna zaune a kan jakunkunan iska. An yi jikinta da alminiyam da wata roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi, a lokacin da yawancin takwarorinta katako ne ƙashinsu. Yau kusan shekara hamsin ke nan da aka daina ƙera ta, duk da haka dubbai suna kan hanya. Kyan ƙira ya taimaka. Amma waɗanda suka mutu a bayan gida, ciyawa ta rufe su, ƙira ɗaya ce da waɗanda suke tafiya. Bambancin yana wurin masu su. Masu irin wannan mota sun kafa ƙungiyoyi, suna koya wa juna inda rauninta yake, kamar boris na ƙafafun gaba da ke bukatar a duba shi a sa masa maiko a kan kari.

To, ka lura da abin da yake faruwa sa'ad da mai mota ba ya yin kome.

Na fari, ruwa. A kan rufin motar akwai ramummuka da aka huda domin tagar iska da bututu, an toshe gefensu da danƙo. Rana tana busar da danƙon har ya tsage. Ruwan sama yana shiga ɗigo ɗigo, ya bi cikin bango inda ido ba ya gani, ya jiƙa katako. Kafin tabo ya bayyana a silin, sau da yawa ruɓa ta riga ta yi nisa, har daɓen ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafa. Aikin da zai hana wannan bai wuce hawa tsani sau biyu a shekara da ɗan danƙo a hannu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Na biyu, taya. Irin wannan mota ba ta yawan tafiya, tana iya yin wata goma a tsaye. Saboda haka zanen tayar yakan zauna kamar sabo, alhali robar ta tsufa ta bushe daga ciki. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta: biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara. Idan ka ga 2314, wato an yi ta a mako na 23 na shekarar 2014. Kamfanin Michelin yana ba da shawara a riƙa kai taya wurin gwani kowace shekara bayan ta kai shekara biyar, a kuma sauya ta in ta kai goma ko da tana da kyan gani. Tayar gaba ta fashe a ƙarƙashin mota mai nauyin tan biyar tana cikin gudu, sitiyari ba zai saurari direba ba.

Na uku, man birki. Halinsa ne ya riƙa shan laimar iska a hankali. In ruwa ya yi yawa a cikinsa, ranar da motar take gangaren dutse birki ya yi zafi, sai man ya tafasa, direba ya taka birki ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Shi ya sa makanikai suke cewa a sauya shi wajen kowace shekara biyu.

Na huɗu kuwa shi ne mafi ban tsoro, domin da dare yake zuwa. Tsohon tiyon gas yakan yi yoyo, gas ɗin kuma ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasa yana jiran ƙyastu ɗaya. Ruwan sabulu kaɗan a kan mahaɗin tiyo zai nuna yoyon da kumfa. Salansar janareta ko ta na'urar ɗumama ɗaki in ta huje, tana tura wata iska mai guba cikin ɗakin kwana. Sunanta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, jini kuma yana kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau ɗari biyu da wani abu. Mai barci ba ya farkawa. Ita ce iskar da take kashe iyalai a garuruwanmu sa'ad da aka kwana da janareta a cikin gida. Akwai 'yar na'ura da take yin ƙara in ta ji wannan iska, amma ita ma tana tsufa, bayan shekara biyar zuwa goma sai a sauya ta.

Ka ga, ɗan'uwana, a cikin waɗannan huɗu babu inda mai mota ya ɗaga hannu ya cuci kowa. Ya zauna ne kawai, lokaci ya yi aikinsa. Amma wa yake kwance a gadon baya? Matarsa da 'ya'yansa. Yaro ɗan shekara shida ba ya karanta lambar taya. Yana shiga mota ya yi barci domin babansa ne yake tuƙi. Wannan barci nasa amana ce, ko da ba a rubuta ta a takarda ba. Wanda ya karɓi amana, zamansa ma aiki ne, gama ya zaɓi ya zauna a lokacin da ya kamata ya tashi. A nan ne "ban yi kome ba" take zama shaida a kansa.

Sai dai kada mu yi gaggawar yanke hukunci. Akwai uzuri uku da mutum zai iya kawowa, ya kamata mu saurare su da adalci.

Wani zai ce, "Ban sani ba." Hakika akwai abin da ba mai iya sani. Ƙarfe yakan karye daga ciki ko a hannun mai kula ƙwarai, wannan kuwa tsautsayi ne, kada wanda ya same shi ya kashe kansa da zargi. Amma akwai rashin sani na wanda ya ƙi hawa tsani domin yana tsoron abin da zai gani a kan rufi. Wannan ya riga ya sani da rabi. Lamirinsa ya gaya masa, shi ne ya kau da kai.

Wani zai ce, "Ba ni da kuɗi." Wannan uzuri yana da nauyi, kayan gyara suna da tsada. Talauci ba laifi ba ne. Amma ɗan kuɗin da ke akwai, ina ya tafi? Mutane da yawa da suka sayi tsohuwar motar nan sukan fara da labule, da fenti, da sabuwar shimfiɗar kujera, domin su ne baƙo zai gani ya yaba. Birki da tiyon gas ba mai yaba su. Jerin da mutum ya bi wajen gyara yana nuna abin da zuciyarsa ta fi so, yabon mutane ko ran iyalinsa. In kuwa kuɗin birki ma babu, akwai abu ɗaya da ba a saye: a bar motar a tsaye har Allah ya hore. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wani kuma zai ce, "Motata ce, raina ne." Da mutum shi kaɗai yake bin hanya, da sai mu tattauna wannan. Amma hanya ta kowa ce. Mai keke da ke gefen titi bai shiga yarjejeniya da tsohuwar tayarka ba.

Gwaji mafi wuya yana zuwa ranar sayarwa. Mai mota ya san kusurwar da ruwa ya ruɓar. Gwangwanin fenti ɗaya zai rufe tabon, ƙaramar darduma za ta rufe daɓe mai laushi. A Amurka, in mutum ya sayar wa mutum tsohuwar mota, galibi ana ɗauka an sayar da ita yadda take, nauyin dubawa yana kan mai saye. Mai sayarwa zai iya yin shiru ya ce bai yi ƙarya ba. Amma ka tambayi kanka don me aka shimfiɗa dardumar a daidai wurin nan. An shimfiɗa ta domin mai saye ya gaskata abin da ba haka yake ba, wannan kuwa shi ne aikin ƙarya, ko da baki bai motsa ba. Mai gaskiya zai ɗaga dardumar da hannunsa, ya nuna wurin, ya rage kuɗi. Zai yi hasara, kada mu ɓoye wannan. Abin da zai samu shi ne, in ya ji labarin motar bayan shekara guda, gabansa ba zai faɗi ba. Wani lokaci ma ruɓar ta kai inda gyara ba zai yiwu ba. A nan aminci shi ne a sayar da ita a matsayin kayan gyara, kada a miƙa ta ga wani matashi mai mata da jariri.

Mai yiwuwa kai mai karatu ba za ka taɓa mallakar irin wannan mota ba. Amma akwai abin da aka ba ka riƙo: babur ɗin da kake ɗaukar fasinja da shi, rufin ɗakin da tsohuwarka take kwana a ciki kafin damina, rijiyar da ba ta da murfi a tsakar gida. Waɗannan duka suna lalacewa ba tare da ƙara ba, kuma yawanci wani ne yake biyan kuɗin sakacinmu. Aikin kula ba ya jawo tafi. In ka yi shi da kyau, abin da za ka gani shi ne ba abin da ya faru: an tafi lafiya, an kwana lafiya, an dawo lafiya. Mai aminci ya koyi ya ƙoshi da wannan lada. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin tunani a wannan mako: Wane abu ne ka daɗe kana ƙin dubawa domin kana tsoron abin da za ka tarar? Wa zai sha wahala in ya lalace, kai ko wani? Ka sa masa rana tun yau, ka kuma faɗa wa wani na gida ranar domin ya tuna maka.