Jinin da Ba a San Wanda Ya Zubar Ba

Kowace Alhamis kasuwar Maigatari takan cika da fatake daga Nijar da sassan Nijeriya. A ce wani baƙo ya sayar da shanunsa, ya kama hanyar Gumel da yamma, kashegari aka tsinci gawarsa a bakin gona. Ba wanda ya san shi, ba wanda ya ga abin da ya faru. Za a binne shi, 'yan sanda su rubuta rahoto, shekaru su shuɗe. To, alhakin wannan jini yana wuyan wa?

Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 21, ya yi tanadi domin irin wannan rana. In aka iske gawa a fili ba a san makashin ba, sai dattawa da alƙalai su auna nisa zuwa garuruwan da ke kewaye. Dattawan gari mafi kusa su kawo karsana, su karya wuyanta a kwari, su wanke hannuwansu, su roƙi Ubangiji gafara. Allah bai yarda a rufe maganar don mamacin ba shi da kowa ba. Nauyin ya hau kan gari duka, asarar karsanar ma ta gari ce.

A zamaninmu Allah ya ba 'yan Adam wani ma'auni dabam, wato gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira DNA. Ɗigon jini ko gutsuren ƙashi yakan iya bayyana ko wane ne mamaci, wani lokaci har da makashinsa. A Afrilun 2018, a Amurka, aka kama Joseph DeAngelo saboda kashe-kashen da ya yi fiye da shekara talatin kafin nan, bayan an bi sawunsa ta ƙwayoyin halittar danginsa na nesa. Da yake gwajin yana da tsada, masu hali suka shigo. A 2020 Ashley Flowers ta kafa ƙungiyar Season of Justice a jihar Indiyana, domin biyan kuɗin irin wannan gwaji a binciken da ya cije.

Mu ma muna da bukata. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce tana da sunayen kusan mutum 22,000 da suka ɓace a Nijeriya. Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017, amma ina Legas, ina gwauruwar da ke Gagarawa ko Sule Tankarkar?

Kyautar mai hali abin yabo ce. Yusufu mutumin Arimatiya attajiri ne, kabarinsa ya bayar domin gawar da hukuma ta gama da ita. Duk da haka akwai tarko biyu. Na fari, mai biya shi yakan zaɓa, zuciya kuwa takan karkata ga mamacin da ya yi suna, ta manta da ɗan ci-rani. Na biyu, hukuma za ta iya naɗe hannu, adalci ya koma sadaka, wadda in an ga dama a yi, in ba a ga dama ba a bari. Shari'ar Musa ta toshe ƙofofin nan biyu: igiyar awo ce take nuna wanda zai ɗauki nauyi, kuma ba ta tambayar ko mamacin ɗan wane ne.

Saboda haka, ɗan'uwa, in Allah ya buɗa maka, ka bayar, amma ka bar masu bincike su bi layi ba tare da tara ba. Ikilisiya kuma ta rubuta sunayen waɗanda suka ɓace, Kirista da Musulmi, ta raka iyalansu wurin hukuma, ta yi ta tuni har a amsa.

Ya Ubangiji, kai da ka ji kukan jinin Habila daga ƙasa, ka buɗe kunnuwanmu ga kukan waɗanda ba su da mai yi musu magana. Amin.