Gargaɗi Ga Malaman Tarihi: A Daina Ciyar Da Yara "An Ce"

Kwanaki wani ɗalibi ya miƙo mini wayarsa cike da murna, ya ce, "Malam, ga hoton Shehu Usmanu ɗan Fodiyo." Wani dattijo ne da rawani, hoton baƙi da fari. Na tambaye shi shekarar da Shehu ya rasu. Nan take ya ce 1817, domin ya haddace. Na ce to, sai a 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto, wa ya ɗauki wannan? Ya yi tsit. Abin ya sosa mini rai, domin yaron ba daƙiƙi ba ne. Yana da shekarar a kansa, amma ba a taɓa koya masa ya auna labari da ita ba.

Wannan cuta tana yaɗuwa kamar wutar daji. An cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantun Nijeriya shekaru da dama, aka dawo da shi, amma salon koyarwar bai sake zani ba. Malami ya rubuta a allo, yara su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. A manyan makarantu kuma takardun da malami ke sayarwa sun maye gurbin littafi, kundin kammala karatu ya zama kwashe daga intanet a liƙa suna. Yaron da aka rena haka, duk muryar da aka turo masa ta WhatsApp a kan asalin wata ƙabila ko laifin kakannin wasu, haɗiye ta zai yi ba tauna. Da irin waɗannan labarai ake hura wutar gaba a yau.

Abin takaici, mu ne bai kamata wannan ta same mu ba. Almajirin hadisi a zaure ya san ba a karɓar magana sai da isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, amintacce ne? Me ya sa za a ajiye wannan tarbiyya a ƙofar ajin tarihi?

Kuma ba rashin kayan aiki ba ne. Ɗauki Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello. A cikinsa ya kawo wasiƙar Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Barno, wanda ya tuhumi masu jihadi kan dalilin yaƙar mutanen da ke salla da azumi, sannan ya kawo amsar ɓangarensu. Bello bai ɓoye hujjar abokin jayayyarsa ba. Malami ya fassara sakin layi biyu daga kowane ɓangare, ya raba wa ɗalibai, ya ce kowa ya rubuta shafi ɗaya: me kowannensu ke da'awa, da wace hujja, wa yake son ya gamsar? Duk jimlar da ɗalibi ya rubuta, ya nuna layin da ya dogara da shi. Wanda ya yi wannan sau uku, da wuya a sake yaudararsa da hoton bogi.

Haka Tarihin Kano, wanda akwai shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Yara na haddace cewa Bagauda ya hau mulki a 999. Mutum nawa ne aka gaya wa cewa Palmer, Baturen da ya fassara littafin a 1908, shi ya lissafo shekarar ta hanyar ƙirga tsawon mulkin sarakuna da baya da baya? Sanin hakan ba ya rage wa Kano daraja. Yana nuna wa yaro yadda ake gina ilimi ne, da inda ginin ke da rauni.

Takardu suna nan jibge a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Tsofaffin da suka ga zamanin En'e da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tura jikokinsu su zauna gabansu da biro da takarda.

Malamai 'yan'uwana, amana ce a wuyanmu. Daga wannan zangon karatu, kada ku ba da maki ga amsar da ba ta zo da hujjarta ba, kuma kada ku nemi hujja daga yaron da ba ku taɓa ɗora masa takardar asali a kan tebur ba.