Wa Ya Koya Miki Wannan Girkin?

A cikin adakata, ƙarƙashin zannuwan salla, nake ajiye littattafan girkina. Akwai na darasin girki da muka yi a makarantar kwana, akwai ƙananan nan masu bangon takarda da ake sayowa daga Kano, waɗanda mai ya riga ya jiƙa shafukansu. Wanda na fi ji da shi littafin rubutu ne irin na 'yan firamare, da hannuna na cika shi. A saman kowane girki na sa sunan wadda ta koya mini: daddawa daga Iya, alkaki daga gwaggona ta Gwaram, nakiya daga wata tsohuwa da ke yi wa amaren Kiyako gara.

Dalilin sa sunayen na addini ne. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa idan mutum ya rasu aikinsa ya yanke, sai sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Da yawa in sun ji ilimi, allo da littafin fiƙihu kawai suke hangowa. Ni kuwa na daɗe ina tambayar kaina ko Iya tana da rabo a wannan alkawari. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Amma ita ta nuna mini yadda ake kwana ana dafa kalwa, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a lulluɓe a bar ta ta ruɓa, da kuma warin da ke shaida maka ta yi. Yau gidaje da dama suna kaɗa miyar kuka da abin da ta koyar.

Na yarda tana da rabo. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sa noma da saƙa da ɗinki cikin farillan da in gari ya rasa mai yin su kowa ya yi laifi. To, hatsin da manomi ya kawo gida, wa ke mai da shi tuwo?

Abin da ke damuna da littattafan kasuwa shi ne ba su da isnadi. Za su ce gwangwani biyu, cokali uku, ba za su ce daga wa aka ji ba. A Bagadaza ta ƙarni na 10, Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tara girke-girke sama da 600, kuma yakan ambaci masu su, har da wata kuyanga mai suna Bid'a da ta shahara a girki. Sunanta ya kai shekara dubu yana yawo, mu kuwa na kakanninmu muna barin su suna ɓacewa.

Akwai kuma masu ɓoyewa, musamman a gidan kishiyoyi. Na san tsoron da ke sa mace ta juya baya in za ta zuba kayan haɗi, ba na ganin laifinta ƙwarai. Sai dai na san wata gwanar dubulan da ta tafi da sirrinta, ko 'yar cikinta ba ta iya ba. Shi ya sa duk yarinyar da ta zo aron littafina nake ba ta, da sharaɗin in ta kwafi girki ta kwafi sunan da ke samansa, ta kuma sa mai sunan a addu'a.